Akuyar Yaya Nyam a Jamaika

Duk wanda ya san yayana Nyam ya san ba mutumin yawon shaƙatawa ba ne. Sama da shekara talatin yana tuƙa bas a Birmingham, kuma hutunsa iri biyu ne kawai: ko an yi rasuwa a gida ya hau jirgi zuwa Filato, ko ya saɓa fartanya ya nufi ɗan lambun da yake haya a hannun hukumar gari, wato council. Shi ya sa ranar da ya bugo mini waya ya ce shi da matarsa za su tafi holiday Jamaika, sai da na cire wayar daga kunne na sake duba sunan mai kira.

"Holiday, Yaya? Kai ɗin?"

"To ni ba mutum ba ne?"

"Mutum ne mana. Amma ko bakin tekun Blackpool da ke nan kusa da ni ka taɓa leƙawa?"

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta cikin maƙogwaro, sannan ya zo kan abin da ya sa ya kira. So yake in ɗauki hutu a wurin aiki, in zo gidansu a unguwar Erdington in zauna da surukinsa, Baba Manasseh, har su dawo.

Ni ce Monica, autar ɗakinmu. A Manchester nake zaune, aikina kula da tsofaffi a gidajensu, in yi musu wanka, in ba su magani, in sha faɗansu. An ce ina da baki, kuma ban musa ba. Ciki ɗaya muka fito ni da Yaya, amma Allah ya ba ni sauri, shi ya ba shi sanyi. Idan Yaya ya fara gaishe ka, ajiye kayan hannunka ka nemi wurin zama. Zai tambayi gajiyarka, da iyali, da mutanen gida, da ƙafar da ka ce tana maka ciwo bara. Tun muna ƙauyenmu a bayan duwatsun Vom haka yake. In Mama ta aike shi ɗebo wuta a maƙwabta, sai ta sake aiken wani ya je ya taho da shi da wutar. Karatu ne ya kawo shi Ingila, karatun bai kai ƙarshe ba, bas ta karɓe shi, kuma ban taɓa jin ya yi kuka da hakan ba. Tsofaffin unguwar Handsworth duk sun san shi, domin ba ya tayar da mota sai ya ga a madubi kowace tsohuwa ta zauna.

A coci ya haɗu da Angelina. Haifaffiyar Handsworth ce, iyayenta 'yan Jamaika, girki take yi a wata makarantar firamare. Irina ce sak, abin da ke cikinta shi ke bakinta. Matarmu nake kiran ta, tun tana tambayar su wa da wa suka aure ta har ta saba. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode da waƙoƙin zumuntar mata ba, don haka maganarta da ta danginta da za ku ji a nan, ni na juya muku ita.

Da ya tashi neman aurenta, Yaya ya yi abin da ya ga ana yi a gida. Ya nemi dattawa biyu daga coci, aka sayi atamfa da gishiri da manja, aka nufi gidan Baba Manasseh. Shi kuwa, a lokacin yana aiki a masana'antar narka ƙarfe, ya dubi kayan, ya dubi maza uku da suka ƙi zama a kujera, ya ce, "Saurayi, 'yata ba ta sayarwa ba ce. Kana son ta, tana son ka, ku je ku yi aurenku. Ku tashi daga ƙasa ku sha shayi." Ba da mugun nufi ya faɗa ba, har kek ya yanka musu. Amma kayan dai a bayan mota suka koma, abin kuma ya zauna wa Yaya a rai. Sun haifi Shalom da Chloe, Shalom ta yi aure har ta haihu, amma in zancen ya taso sai ya ce, "Ni fa ban taɓa durƙusawa a ƙofar gidan su Angelina an ce an ba ni ba."

"Haba Yaya! Da jika a hannunka?"

"Jika daban, wannan daban," in ji shi.

Duk da haka, shi da surukin nasa sun shaƙu fiye da ɗa da uba. Lambu ne ya haɗa su. Asabar in ba shi da aiki, tare suke wuni a can suna gardamar yadda ake yin kunyar shuka, kowa na cewa irin ta ƙasarsu ce daidai. A nan Baba Manasseh ya ba shi labarin mangwaronsa. Ya ce a ƙauyensu, can saman dutse, in an haifi yaro akan binne cibiyarsa a bayan gida a dasa itace a kai, itacen ya zama na yaron har ya mutu. Nasa mangwaro ne. Yaya ya ce ai mu ma muna binnewa, sai dai ba mu da wayon dasa itace. Baba Manasseh ya ji daɗin wannan magana ƙwarai, ya daɗe yana maimaita ta.

Baba Manasseh ya baro tsibirin Jamaika yana saurayi, a jirgin ruwa, da alkawarin shekaru kaɗan zai yi ya koma. Bai koma ba. Da mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, ƙanwarsa Delight ce ta yi jinya ita kaɗai, da ta rasu kuma ita ta binne ta. Shi yana nan, matarsa na da tsohon ciki, ya ce zai zo bayan haihuwa. Bayan haihuwa kunya ta hana shi. Delight ta aiko masa da saƙo ta bakin wani mai zuwa, cewa ita ba ta da wa a Ingila, daga nan ba su ƙara jin muryar juna ba. Cikin nan da ya tsaya jira shi ne Angelina, kuma ta san da haka.

Yanzu tsufa ya kama shi da mantuwa. Matarsa ta rasu, su Yaya suka ɗauko shi suka ba shi ɗakin ƙasa. Likita ya faɗa musu gaskiya, abin ba ya komawa baya. Yakan manta ya karya, yakan manta sunan 'yarsa, wata rana ya sa takalmi ya ce zai tafi aikin da ya bari tun kafin a haifi Chloe. Abu guda ne ya ƙi fita daga kansa. Safe da yamma zai ɗago ya tambayi duk wanda ke kusa, "Mangwarona yana nan?" Babu wanda ya san amsa. Guguwa nawa ta bi ta tsibirin nan tun tafiyarsa? Angelina takan ce, "Zan je in gano maka, Daddy." Ta faɗa har ta ji kunyar faɗa, rannan ta sayi tikiti biyu.

Haka na kwaso jakata daga Manchester na tare a Erdington, su kuma suka tashi.

Kwanakin farko hotuna na sha. Wayyo, Yaya a bakin teku! Yashi fari tas, ruwa shuɗi har ƙarshen gani, jama'a sun tuɓe suna kwance, shi kuwa yana zaune ƙarƙashin laima da dogon wando da safa, ya rungume jakar matarsa kamar mai jiran mota a tasha. Na aika masa da saƙon murya na ce, "Yaya, gadi aka kai ka yi?" Sai da Angelina ta ja shi da ƙarfi ya naɗe wando ya shiga ruwa iya gwiwa. Ya kira ni daga nan, ina jin igiyar ruwa a bayansa.

"Monica, ashe da gaske gishiri ne. Na ɗanɗana."

"Duk tekun aka bar maka ka sha?"

"Kaɗan na taɓa da yatsa."

Da suka bar bakin ruwa suka shiga hawan dutse, sai labari ya juya. Ɗan Filato ne fa. Mutumin da ya ba sittin baya, ga shi can gaba yana tsallake saiwoyi, mai yi musu jagora na cewa ya dakata, matarmu kuwa tana baya tana haki tana cewa da ta sani da ta zauna a otal. Sun kai wani wuri da ruwa ke zubowa daga saman dutse, sanyi kamar na randa, ya cire safa da kansa ya tsoma ƙafa. Abin da ya fi burge shi dai ba ruwan ba ne. Gonaki ya gani a jikin tudu, da ayaba da rogo da doya. Nan take ya kira ni. "Gwaza, Monica! Gwaza suke nomawa, irin namu, a gangare kamar gonar Babanmu." Rabon da in ji shi cikin murna haka tun haihuwar jikarsa.

Ni kuwa ina nan da tsohona. Ba shi da wahala, Allah ya sani, na ga waɗanda suka fi shi. Mu sha shayi, mu zauna bakin taga muna kallon ruwan sama, in kunna masa waƙoƙin coci yana bi da kai. Nas yake kira na. Can zai juyo ya ce, "Nas, mangwarona yana nan?" In ce, "Angelina ta tafi dubawa, Baba." Ya ce to, ya koma kallon taga.

Sai ranar da suka je ƙauyen. Tasi ta kai su iyakar kwalta, suka ƙarasa da ƙafa. Gidan katako ne a kan tudu, Gwaggo Delight na zaune a baranda tana ɓare wake, 'yar siririyar tsohuwa da tabarau. Matarmu ko sallama ba ta gama ba ta ce ita ce 'yar Manasseh, daga Ingila take, ta zo ganin mangwaron mahaifinta ta ɗauki hoto, ina yake? Yaya ya ce shi a lokacin ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ce, "Manasseh ya san hanya. In itace yake son gani, ya zo." Ta kwashe wakenta ta shiga ciki ta ja ƙofa.

Bayan gidan kuwa mangwaro ne birjik har gangare, tsofaffi da matasa. Sun tambayi maƙwabta, babu wanda ya san wanne ne na wa. Sa'o'in Baba Manasseh duk sun kwanta dama, saura ita.

Da yamma Angelina ta kira ni tana kuka tana faɗa. Ta ce ita ba za ta roƙi kowa ba, ba ita ta hana ubanta zuwa jana'iza ba, ba ta ma san an yi ba, tana cikin uwarta. Ta ce gobe za ta ɗauki hoton duk mangwaron da ta fara gani ta kawo masa, ai ba zai gane ba. Ni kam na goyi bayanta. A aikina na san sau nawa ake lallaɓa tsoho da abin da zai kwantar masa da hankali, ban ga laifi ba. Sai na ji muryar Yaya daga gefe, a hankali kamar kullum.

"Shi ba zai sani ba. Mu za mu sani."

"To me za ka yi?" in ji ta. "Ka fasa ƙofar?"

"Gaisuwa zan je."

Na ce, "Yaya, wannan ba ƙauyenmu ba ne, kuma jirgi ba zai jira gaisuwarka ba."

Washegari da sassafe ya hau tasi shi kaɗai, ya taka tudun nan, ya tsaya a ƙofar gida ya cire hula. "Mama, ina kwana? Mijin Angelina ne. Na zo gaishe ki." Ba a buɗe ƙofa ba. Ya ɗan jira, sai idonsa ya kai kan gonar gwazanta a gefen gida, ciyawa ta ci rabinta, ga fartanya jingine da bango. Ya naɗe hannun riga ya shiga. Da rana ta yi zafi ya mayar da fartanya inda ya same ta, ya ce, "Mama, na tafi, sai gobe," ya sauko. Ko sunan mangwaro bai ambata ba.

Haka ya yi ta yi. Mutum ya tsallaka teku zuwa holiday ya ɓuge da noman gwaza! Na faɗa wa matan cocinmu a Manchester ta waya, har wata ta ce a sa shi cikin addu'a. Matarmu tana kwance a bakin teku ita kaɗai tana cika tana batsewa. Amma wata safiya ya tarar da kofin ruwa a kan matakala. Wata safiyar kuma shayin ganye da dafaffiyar ayaba, an rufe da faranti. Daga baya tsohuwar ta fara fitowa baranda tana yi masa gyara daga nesa, cewa ba haka ake tara ƙasa a gindin gwaza ba. Ya ce to Mama, ya yi yadda ta ce. Ya gaya mini bakinta da na Baba Manasseh iri ɗaya ne in suna faɗa.

Hutu ya kusa ƙarewa, ba a kai ga maganar itace ba. Ni har na fara tunanin abin da zan riƙa gaya wa tsoho in sun dawo hannu biyu.

To a nan ne Yaya ya yanke shawarar yin abin da ya daɗe yana cin sa. Tunda ga ƙofar gidan su Angelina ta ainihi, ga babba a gidan, zai kai gaisuwar surukai yadda ake yi a gida, in an karɓa sannan ya roƙi alfarmar itace. Ya sayi akuya baƙa mai ƙiba a hannun wani manomi a ƙasan tudu. Ya sa baƙin kaftaninsa na zuwa coci, wanda ashe tun daga Erdington ya ɓoye shi a ƙasan akwati. Ya roƙi matarsa ta ɗaura ɗankwali, ta biyo shi a baya, kada ta ce uffan sai an yi mata magana. Ta ce wannan shi ne na ƙarshe, in bai yi ba ita da hotonta.

Ku dubi abin da tsohuwar nan ta gani daga barandarta. Mutumin da ya yi kwanaki yana zuwa yana mata aiki bai nemi komai ba, yau ga shi cikin baƙaƙen kaya. Ga 'yar wanta a bayansa, kai a ɗaure, ido a kumbure, baki a rufe. Ga akuya. Yaya ya ɗaure akuyar a jikin shinge, ya cire hula, ya durƙusa a ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya fara da muryar nan tasa ta jana'iza.

"Mama, yau magana mai nauyi ta kawo mu. Tun ranar da muka iso ya kamata in faɗa, na rasa ta inda zan fara. Ki yi haƙuri da abin da za ki ji. Baba Manasseh..."

Bai ƙarasa ba. Ashe a ƙauyen nan, akuya ita ake yankawa a ciyar da jama'a a zaman makoki. Kwanon da ke cinyar tsohuwar ya faɗi. Ta ɗora hannu biyu a ka ta kurma ihu, "Manny! Wayyo Manny! Ka tafi ban ce maka komai ba!" Ta sauko daga baranda ba sanda, ta zagaya bayan gida da saurin da ba wanda ya zaci tana da shi, ta wuce itace na farko, ta wuce na biyu, ta je ta rungume wani tsohon mangwaro mai kauri, ta manna fuskarta a jikinsa tana kuka tana kiran sunan wanta.

An share ƙarƙashin itacen nan fes, ko ganye ɗaya babu. An jera duwatsu kewaye da gindinsa, an shafa musu farar ƙasa.

Yaya yana nan durƙushe, baki buɗe, bai san me ya yi ba. Angelina ce ta fara ganewa. Ta ruga tana cewa, "Gwaggo, yana da rai! Daddy yana da rai! Yana Erdington, ko jiya ya ci abinci!" Sai da ta faɗa ta sake faɗa kafin tsohuwar ta ji. Ta saki itacen, ta share ido da gefen riga, ta gyara tabarau. Sannan ta ɗauki tsintsiyar da ke jingine a wurin ta nufi yayana.

Matarmu ta ce ba ta taɓa ganin abu irin wannan ba. Direban bas mai jika, cikin kaftanin coci, yana kare kai da hula, tsohuwa na zuba masa tsintsiya a gadon baya tana cewa so yake ya kashe ta, akuya kuma na ta kuka a shinge. Bai gudu ba, bai tashi ba, sai "Yi haƙuri Mama" yake yi. Ni da nake jin labarin na ce ta yi mini daidai, da ina wurin da na ƙara mata wata tsintsiyar. Wa ke fara maganar aure da "ki yi haƙuri da abin da za ki ji"?

Da ta gaji ta zauna a kan dutse tana haki, ta ce, "To akuyar ta mece ce?"

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Ya ce a wurinsu ba a ɗaukar 'yar mutane sai an zo ƙofar gidansu an durƙusa an roƙa. Ya ce ya je wa wanta da kaya an mayar masa, tun daga ranar yake jin kamar a hanya ya tsinci matarsa. Ya ce ita ce babba a gidan nan, ya zo roƙon auren Angelina.

"Yaranku nawa?"

"Biyu, Mama. Da jika ɗaya."

Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta lafa ta kira Angelina ta zo kusa, ta kama fuskarta da hannu biyu ta daɗe tana kallo. Ta ce goshin mahaifiyarsu ne, tun ranar farko ta gani, shi ya sa ta kasa tsayawa a waje. Sannan ta juya ga Yaya ta ce, "Na karɓi akuya. Na ba ka. Tashi, kana ɓata kayanka."

Yaya ya ce mini a duk rayuwarsa bai taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba, kuma ya yi hawaye, bai ɓoye ba.

A Erdington lokacin la'asar ta yi, ana yayyafi. Ranar ba ta yi wa Baba Manasseh kyau ba, ya ƙi cin abincin rana, yana ta kira na da sunan marigayiya matarsa. Sai ga kiran bidiyo. Angelina ce. "Monica, kai masa wayar." Na ja kujera kusa da shi na riƙe masa ita a gaban ido.

Itacen ya cika fuskar wayar, ganye kore shar, rana na ratsawa. Angelina tana cewa, "Daddy, ga shi, ga mangwaronka." Ya kalla, ya daɗe yana kallo, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Na ce a raina shi ke nan, an makara, duk wahalar nan ta tashi a banza. Sai wayar ta ɗan karkata, 'yar tsohuwar nan ta shigo ciki, ta tsaya a gindin itacen tana murza hannu.

"Manny," in ji ta.

Tsoho ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Mutumin da da safe bai san sunan 'yarsa ba ya ɗaure fuska ya ɗaga yatsa.

"Delight! Me kike yi a gindin itacena? Satar mini mangwaro kike yi ko?"

Ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. "Kowace shekara, Manny. Ko ɗaya ba na bar maka."

"Zan gaya wa Mama."

"Gaya mata."

Ya sauke yatsan. Can ya ce, da wata ƙaramar murya, "Yana nan?"

"Yana nan. Ni nake share masa."

Ya ce to. Ya jingina da kujera. Ni da nake taƙamar na ga komai a aikin nan, sai da na shiga kicin na yi kukana. Da na fito ya ce yunwa yake ji, ya cinye abincin da ya ƙi ɗazu.

Su Yaya sun yi kwana biyun da suka rage musu a gidan katakon nan. Akuyar ba a yanka ta ba, Gwaggo Delight ta ce kiwo za ta yi, ta kuma raɗa mata suna Birmingham. Ranar ƙarshe suka sauka bakin teku su uku, aka turo mini hoton Yaya cikin ruwa har ƙugu, matarsa riƙe da hannunsa ɗaya, tsohuwa na zaune a yashi tana gadin safarsa. Ya dawo ya koma kan bas ɗinsa, yana jiran tsofaffi su zauna kafin ya tashi, sai dai yanzu in ya gabatar da Angelina a coci yakan ƙara da cewa, "Matata ce, an ba ni." Ita kuma ta harare shi.

Mantuwar Baba Manasseh ba ta warke ba, kada in yi muku ƙarya. Ran da zan koma Manchester na kai masa shayin safe, jakata na bakin ƙofa. Ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa gani na ba.

"Nas, mangwarona yana nan?"

"Yana nan, Baba. Delight tana share ƙarƙashinsa."

Ya riƙe kofin da hannu biyu, ya kalli taga. Har na juya zan fita ya kira ni.

"Ki gaya mata ta sha. Na bar mata."